Jari ko shawara: mi ya fi taimakon mai ƙaramar sana'a?

Yau zancenmu shina bisa ƙananan sana'o'i: mai tuyar ƙosai, mai matsar man gujiya, mai turkar rago, mai tebur bakin kasuwa. Gomnati tana son ta taimaka musu, amma kuɗin ƙasa ba su isar kowa. To, ƙaƙa za ta san taimakon da ke da amfani?

In an tambaye ku, da yawa za ku ce jari. Wataƙila kuna da gaskiya. Amma ba a kashe dukiyar jama'a bisa tsammani. Ku dubi manomi da ya samu sabon irin hatsi. Ba shi zuba shi gona duka. Sai ya raba gona biyu, tsohon iri nan, sabon iri can. In kaka ta yi, ya ƙidaya dammunan kowane gefe. Haka masu bincike ke aiki.

An yi irin wanga gwaji a Nijar. A shekarar 2017, gomnati tana da tsarin ba gidajen talakawa jika 10 kowane wata, har shekara 2. Yawanci mata ke amsar kuɗin. Sai gomnati da Bankin Duniya da masana sunka ce: bari mu ga abin da za a ƙara bisa wanga kuɗi don mata su kama sana'a mai ɗorewa. Sunka ɗauki garuruwa 325 cikin jihohin Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi da Damagaram, da gidaje fiye da 4.700.

Anka raba garuruwan kashi 4, kuma da ƙuri'a anka raba su. Ku lura da wannan, don shi ne gindin aikin. In hakimi ko ma'aikaci ya zaɓa da hannunshi, zai iya zaɓen garuruwan da ke kusa da babbar kasuwa. In sun ci gaba, ba mu sanin ko taimakon ne ko kasuwar ce. Ƙuri'a kuwa ba ta san ɗan kowa ba. Kowane kashi shina samun garin kusa da na nesa, mai rijiya da marar rijiya. In damana ta ɓaci, ta ɓaci ma kowa.

Kashi na 1 ya tsaya ga jika 10 ɗin wata. Sauran ukun anka kafa musu asusu, anka yi musu horon kasuwanci, anka ba su mai shawara da ke zagayo su. Asusun nan ba baƙo ba ne gare ku: irin na Mata Masu Dubara ne, wanda ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991.

Bayan haka, kashi na 2 ya samu jari, jika 80 ga kowace mace, sau guda. Kashi na 3 bai samu jarin ba. Sai anka tara gari duka, maza da mata da dattawa, anka gwada musu silima ta wata mace da ta kama sana'a, anka yi mahawara. Matan kuma sunka yi mako guda suna koyon yadda mutum ke aza ma kanshi buri, da yadda ake magana gaban jama'a, da yadda ake yanke shawara bisa kuɗi. Kashi na 4 ya samu duka biyu.

Masu tambaya sunka komo bayan wata 6, sunka sake komowa bayan wata 18. Mi kunka ci cikin makon nan? Nawa kika saida? Nawa kika aje? Hankalinki kwance yake? A 2022 anka buga sakamako cikin Nature, wata babbar mujallar masana ta Ingila.

Kashi ukun nan duk sun fi na 1 abinci da ciniki da ajiya. Na 4 shi ne gaba. Abin mamaki shi ne na 3, wanda bai ga jika 80 ba: bayan wata 18 bai kasa masu jari ba, alhali abin da anka kashe mishi rabi ne da ɗan wani abu. In an auna da kuɗin da anka zuba, shi ya fi maida amfani.

A ganinmu dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mace tana iya samun jari, maigida ya hana ta zuwa kasuwa, ko dangi su bi ta da rance har ya ƙare. In gari duka ya zauna ya yarda da sana'arta, an ɗebe mata ƙaya daga hanya. Amma kada wani ya ce kuɗi ba kome ba ne. Matan nan suna amsar jika 10 kowane wata, kuma suna da asusu. Da ɗan abin hannu sunka soma.

An ga mai kama da haka a Lome, babban birnin Togo. Anka raba masu ƙananan sana'o'i 1.500 kashi 3 da ƙuri'a. Wasu ba a yi musu horo ba. Wasu anka koya musu lissafi da dubarun talla. Wasu kuma anka koya musu himma: neman sabon abu da kanka, da shirya ma matsala kafin ta zo. Sakamakon da ya fito a 2017 ya gwada ribar masu horon himma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ta masu horon lissafi ta ƙaru kaɗan, har masana ba su tabbata horon ne ya kawo ta ba.

Littafin lissafi shi kaɗai ba shi ƙara riba ke nan, amma shi ke gwada ta. Ran da masu tambaya sunka zo garinku, kada ku rage don a ba ku taimako, kada ku ƙara don kunya. Da amsarku ake tsara aikin gaba. Tunda kun iya rubutu, ku ja layi tsakar takarda: abin da ya fita hagu, abin da ya shigo dama. In kin sayi gujiya ta jika 5, niƙa da itace sunka ci jika 1, kika saida mai da ƙuli-ƙuli jika 7 da rabi, ribarki jika 1 da rabi ce, ba jika 7 da rabi ba.