Cikowar Kogi da Arzikin Fadamar Haɗejiya

Tun zamanin kaka da kakanni, arzikin ƙasar Haɗejiya ya rataya ne a kan cikowar kogi. Idan damina ta yi nisa, ruwa yakan malale fadamu tun daga Haɗejiya har Nguru. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya yi su. In ruwa ya janye a shuka wake a danshin da ya bari, Fulani kuma su sauko da shanu su ci rani. Watau fili guda yakan ɗauki sana'a uku, kowace da lokacinta.

Da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Chalawa a 1992, sai al'amarin ya sauya. Cikowar damina ta ragu, ruwa kuwa ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani. Irin wannan ruwa shi ciyawar kacalla take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin kogi, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, tsuntsaye jan-baki kuma suka sami mafaka a cikinta.

Saboda haka gyaran ya rataya a wuyan Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976. Wajibi ne a riƙa sakin ruwan madatsun bisa tsarin cikowar da, a yashe hanyoyin da kacalla ta toshe, a kuma zauna da manoma da masunta da makiyaya kafin a raba ruwa, domin mai gonar Kadawa da mai fadamar Guri kogi ɗaya suke sha.