Sabuwar Fuska da Tsohon Ƙashi: Abin da Mai Sayen Mota Zai Duba

Duk wanda ya tsaya a tashar motar Zuru da sassafe, sa'ad da ake lodin Kontagora da Yawuri da Koko, zai ga abin da ke rikitar da mai neman sayen mota. Ga motoci biyu, sunansu ɗaya, kamfaninsu ɗaya, amma fitilun wannan dabam, na waccan dabam, kuɗinsu kuwa ya yi nisa da juna. To, attajirin da ya tara ribar dawa ta shekara biyu ko uku ya kamata ya san abin da zai biya wa wannan rata.

Sauyin da maƙera mota ke yi iri biyu ne. Na farko shi ne sabuwar ƙira, watau a sake zanen motar tun daga shasi har rufi, da wurin zaman inji da sifirin da faɗin ciki. Na biyu shi ne gyaran fuska, wanda akan yi bayan mota ta shekara uku ko huɗu a kasuwa: a sauya fitilu da bamba da ragar gaba, ƙashin motar yana nan yadda yake. Na farko ya shafi zahiri da baɗini, na biyu kuwa galibinsa zahiri ne.

Misalin sabuwar ƙira sananne ne ga dattawan direbobi. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda jama'a ke ce wa Fijo, ya fito da 404 a 1960, mai fitilu zagayayyu da baya mai tsini. A 1968 sai ya fito da 504, mai faffaɗan fitilu da but mai gangarowa. Ba a fuska kaɗai sauyin ya tsaya ba, gama injin ya ƙaru, ciki ya yalwata, sifirin kuma yana shanye gargada har fasinja ya yi gyangyaɗi. Ita ce ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da ita har wajen 2006, domin hanya irin ta Rijau da ta Mahuta, mai tudu da kwari da ramuka, mota mai tsayin ƙasa take so, wadda kowane bakanike ya san cikinta.

Misalin gyaran fuska kuwa yana ga Honda Accord, wadda ta shigo ƙasar nan da yawa ta hanyar Kwatano. Ƙirar 2003 ta burge mutane har suka yi mata laƙabi EOD, ma'anarsa magana ta ƙare. A 2006 kamfanin ya sake mata fitilun baya da bamba, ya ɗan ƙara wa injin ƙarfi, sai aka ce da ita DC, watau magana ta ci gaba. Ta fi kyaun gani, ta fi daraja wurin dillalai, amma wanda ya riƙe sitiyarin duka biyun da ƙyar zai ji bambanci, gama shasinsu ɗaya ne. Sabuwar ƙira ta haƙiƙa sai a 2008 ta zo.

Wannan duka aikin kamfani ne, ba ɓoyo a ciki. Inda hatsari yake shi ne gyaran fuskar da ake yi a garejin gida. A Ikko da Kaduna da Kano akwai gwanayen gyaran bodi da ke ɗaukar mota ta 2010, su sa mata fitilu da bamba irin na 2015, su fesa fenti, ta fito fes kamar amarya. Idan mai ita ya yi don marmarinsa, ba laifi. Idan kuwa aka kai ta kasuwa aka sayar da sunan ta 2015, algus ne, gama inji da giya da birki shekarunsu na nan ba su ragu ba. Har ila yau, sabuwar bamba takan fi tsohuwa kusa da ƙasa, damina ɗaya a hanyar Ribah ta isa ta fasa ta.

Mai sayen doki haƙori yake dubawa kafin sirdi, haƙorin mota kuwa shi ne lambar shasi. Tun daga 1981 an daidaita ta a kan haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Ga motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka, na goma a jerin shi ke faɗin shekara: 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A ita ce 2010, B 2011, haka har F, 2015. Sai mai saye ya gwama lambar gilashi da ta ƙofa da ta takardun kwastan, in sun saɓa ya riƙe kuɗinsa.

Bayan wannan, ya zo da bakanikensa na amana, a ɗaga motar a dubi ƙarƙashinta, sa'an nan a fita da ita daga kwalta a ji yadda take ɗaukar rami. Wanda ya biya kafin ya yi waɗannan ya yi cinikin biri a sama. Wassalam.