Tsarabar Hawan Sallah da Karofin da Aka Manta a Ƙasar Karaye

Tun da hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disambar 2024, ake ta maganar cewa baƙi za su kwararo, Kasuwar Kurmi za ta cika, masu sana'ar hannu sun warke. Akwai rashin fahimta a nan. UNESCO ba ta raba kuɗi saboda shiga wannan jeri, ba ta kuma turo masu yawon buɗe ido. Shaida ce kawai ta bayar, tare da ɗora wa gwamnati nauyin kula da al'adar da mutanen da ke riƙe da ita.

A zaman UNESCO da ya karɓi hawan a ƙasar Faraguwai ne aka kuma karɓi kirama, wani mayafin saƙa na mutanen Kambodiya. Su ma suna da irin damuwarmu. Baƙon da ya je kallon gine-ginen Angkor yakan shiga kasuwar Siyem Rip ya sayi mayafi a matsayin tsaraba, alhali inji ne ya saƙa shi a wata ƙasa. Dalilin da ya sa masu sana'ar can suka fito da hatimin da ke nuna kayan da aka yi a gida ke nan. Mu kuwa baƙo zai shiga Kurmi, ya ga jakar fata da takalmin dukawa da hula da shuɗi, ya yi ciniki, ya biya, ya tafi bai san wanda ya yi ba, bai san garin da aka yi ba. Wani lokaci ma abin da ya ɗauka rinin gargajiya ne, bugun kamfanin Sin ne.

Daga Kurmi sai a kai shi Karofin Ƙofar Mata, a gaya masa tun 1498 ake rini a wurin, ya ɗauki hoto, shi ke nan ya ga rinin Kano. Wannan shi ne abin da ya fi damuna, domin ƙarfin rinin ƙasar Kano a ƙarni na 19 a karkara yake. Marigayi Farfesa Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, a kan wannan ya yi digirinsa na uku a 1975, kuma ya nuna cewa dubban rijiyoyin rini a garuruwa da ƙauyuka suke. Kowa ya san Kura da ɗan Kuranta mai ƙyalli, wanda Buzaye ke naɗawa. Amma akwai wani rukuni a yamma, a tsohuwar ƙasar Karaye, inda garuruwa irin su Zarewa da Rogo da Beli suka yi suna wajen rini. Wa ke ambatonsu yau idan ana maganar kayan gargajiya?

Sana'ar ba ta marini kaɗai ba ce. Manomi ya shuka auduga da baba. Mata su gurje, su kaɗa zare da mazari a cikin gida. Masaƙi ya saƙa sawaye, a ɗinke su su zama zane. Marini ya haɗa baba da toka da katsi a rijiya, ya jira kwanaki har ruwan ya nuna, sannan ya shiga tsomawa yana fitarwa iska na bugawa har launin ya kama. Daga nan sai mabuga, inda ake buga shuni a jikin zanen har ya yi walƙiya. Ita kanta rijiyar fasaha ce: da laso ake shafe ta, wanda ake haɗawa daga katsin da ya kwanta a ƙasan rini, kuma shi ya ba marina damar barin tukwane su koma manyan ramuka masu ɗaukar kaya da yawa. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake kaiwa Timbuktu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Masu sayen nan ba tsaraba suke nema ba, sutura suke saye don su sa a jikinsu. Abin da ya riƙe sana'ar ke nan, kuma da ya kau, bayan shigowar shunin kamfani da Jamusawa suka fara sayarwa a 1897 da yadin Turai mai araha, sai karofi ya fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka wanda yake zaton baƙon da ke zuwa sau biyu a shekara zai raya rini da saƙa da dukanci, ya sake lissafi. Balle ma rikicin sarauta ya sa an dakatar da hawan a birni fiye da sau ɗaya tun 2024. Baƙo ƙari ne. Ciniki na gaskiya yana hannun mahaya da ke sayen sirdi da linzami da kayan doki, da iyayen amarya, da mu da muke ɗinkin Sallah da shaddar waje muna yabon kakanninmu da baki.

Dokar masarautu ta Jihar Kano ta watan Yulin 2024 ta bar wa Masarautar Karaye ƙananan hukumomi biyu, Karaye da Rogo. Ƙasa ce da za a iya zagaye ta a san abin da ke cikinta. Ya kamata masarauta ta umarci dagatai da masu unguwanni su ƙirga tsofaffin karofi, a hana cike su da shara ko yanka filaye a kansu. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ta tura ma'aikata su naɗi bayanin dattawan da suka gaji rini tun suna da rai, domin yawancinsu shekaru sun ja. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu su haɗa masu sana'a a ƙungiya, a ba su hatimi mai ɗauke da sunan gari da sunan mai aiki, yadda duk wanda ya sayi zane a Kurmi zai san daga Rogo ya fito, kuɗin kuma ya koma wa mai shi. Sannan a hawan Karaye mai zuwa, hakimai su fito da rawani da kayan doki na aikin ƙasarsu, a kuma ware wa masu sana'a rumfuna kusa da fada.