Wata Uku a Liyon Kafin In Kwashe Kayana

Ranar da na gaya wa Inna ina son komawa Liyon da aiki, ba ta tanka ba sai da ta gama kwashe tuwo. Sannan ta ce, "Ke da ba ki taɓa yin sati guda a wajen gidan nan ba?" Gaskiyarta. A Saint-Denis aka haife ni, duk wanda na sani yana kan layin RER. Baba kuwa, mutumin Maraɗi, damuwarsa ɗaya ce: budurwa ita kaɗai a garin da babu dangi.

Shi ya sa ban tattara komai ba. Wurin aikinmu na da reshe a can, na roƙa a tura ni na wata uku. Na kama ɗaki a Villeurbanne da hayar nan da ake kira bail mobilité, wadda doka ta kawo a 2018 domin ɗalibai da masu aikin wucin gadi: ɗaki da kayansa, daga wata 1 zuwa 10, kuma ba a ajiye kuɗin jingina. Akwati ɗaya na ɗauka. TGV awa biyu ce daga Gare de Lyon zuwa Part-Dieu, in abin bai yi ba, gida ba nisa.

Satin farko duk yawon buɗe ido ne. Na hau Fourvière, na leƙa Rhône da Saône, na tura hotuna gida. Metro layi huɗu kacal, ni da na saba da cunkoson Faris sai na ji kamar hutu nake.

Daga baya garin ya fara nuna halinsa. Abokan aiki suka kai ni bouchon, gidan abincin da Liyon ke alfahari da shi. Kai, jama'a! Har salak ɗinsu da naman alade a ciki. Kifi ne ya cece ni. A Guillotière na samu naman halal da kuɓewa da attarugu, amma ba Château Rouge ba ce, inda kina cikin ciniki za ki ji an ce "ina wuni" a bayanki. A Babban Masallacin Liyon, wanda aka buɗe a 1994, na yi Juma'a huɗu ban ji Hausa ba.

Wata na biyu zazzaɓi ya kwantar da ni. Nan na gane babu wanda zan kira a garin. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar Aljeriya, ita ta ji tari ta bango ta kawo min shorba kwana uku a jere. Inna ta karɓi lambarta, yanzu sun fi ni yin waya.

Na sa hannu a hayar shekara guda, bisa sharaɗin Baba: Juma'a biyu a wata in kwana Saint-Denis. Inna ba ta ce ta yarda ba. Da na isa Villeurbanne dai na tarar da ƙullin kuka da daddawa a ƙasan akwatina.