Sanyin Ƙashi ko Zafin Ƙashi? Tsokaci a Kan Ciwon Gwiwa

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce duba wata kalma da na fara ji a bakin dattawan Hausawa 'yan kasuwa na Abakpa Nike, a Enugu. Idan gwiwa ta hana tsoho ruku'u har ya koma yin salla a kan kujera, sai a ce sanyin ƙashi ne, wasu su ce amosanin gaɓɓai. Su kuwa likitoci, sunan da suka ba cutar yana ƙarewa da ɗafa-ƙeyar Girkanci "-itis", wadda a wurinsu ke nufin kumburi mai zafi. Bahaushe ya ce sanyi, likita ya ce zafi.

A da, ana ɗauka guringuntsin gwiwa yana cinyewa ne kawai kamar dunduniyar takalmi. To amma guringuntsi ba shi da jijiyar jin zafi, daga ina ciwon yake? Idan ya fara marmashewa, ɓurɓushinsa yakan tsokani tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓar. Sai tantanin ya kumbura, ya tara ruwa, ƙwayoyin garkuwar jiki su saki sinadaran da ke ƙara narkar da guringuntsin. Ka ga kenan lalacewa tana haifar da kumburi, kumburi kuma yana ƙara lalacewa. Ƙiba ma ba nauyi kaɗai take ɗora wa gwiwa ba, kitse da kansa yana fitar da sinadaran kumburi, shi ya sa ake alaƙanta ƙiba da wannan ciwo har a yatsun hannu, waɗanda ba su ɗaukar nauyin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke da cutar, miliyan 365 daga ciki a gwiwa, kuma mata sun fi yawa.

A ganina, hatsarin kalmar "sanyi" shi ne takan sa mutum ya naɗe ƙafa ya daina motsi, alhali motsa jiki da rage ƙiba su ne likitoci ke fara ba da shawara. Ibuprofen da Diclofenac suna rage kumburi, amma yawan shansu ba da izinin likita ba yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Mazauna Abakpa dai sun yi sa'a, Asibitin Ƙashi na Ƙasa yana nan kusa da su a hanyar Abakaliki, takwaran na Dala da ke Kano.