Kiwon Kunkuru Da Damo Da Kada A Gida: Amanar Mai Sayarwa Da Hakkin Mai Saye

An shirya wannan takarda domin hakimai da malamansu, musamman na Kawo da kewayenta, don ta taimake su sa'ad da maganar kiwon dabbobi masu jan ciki ta zo gabansu, watau irin su kunkuru da damo da guza da hawainiya da mesa da kada. Garin Kaduna kansa daga kada ya samo suna, gama jam'in kada ke nan, sabo da yawansu a kogin tun kafin a komo da helkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Kawo kuwa ita ce ƙofar gari ga wanda ya biyo hanyar Zariya, ga tasha, ga kasuwa. Dabbar da aka kamo a dajin arewa tana iya shigowa ta nan a cikin buhu ko kwando, ta sauya hannu kafin la'asar.

Abin da ya kan faru shi ne, mutum ya sayi ɗan kunkuru don yara, ko ɗan kada don sha'awa. Bayan 'yan watanni dabba ta rame ko ta mutu, sai ya ce mai sayarwa ya cuce shi. Wani lokaci gaskiyarsa ne, wani lokaci kuwa laifin nasa ne. Lalle mai sasantawa ya san inda hakkin wannan ya tsaya, da inda na wancan ya soma.

1. Halin waɗannan dabbobi

Tunkiya in ta ji yunwa ta kan yi kuka, doki ya kan yi haniniya. Masu jan ciki ba su yin haka. Jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa, daga rana su ke samun zafi, da wannan zafi kuma su ke narka abinci. Don haka su kan daɗe ba su ci ba, ba kuwa su mutu ba, cuta kuma ta kan yi wata da watanni tana cinsu ba wanda ya lura. Ba banza a ke kiran damo sarkin haƙuri ba. Wannan haƙuri shi ke ruɗin mai kiwo, ya zaci ko mene ne ya jefa wa dabba ya wadatar, tun da ba ta faɗi ba. Ran da alama ta fito fili, sau da yawa aikin gama ya gama.

2. Yadda a ke gane mai sayarwa mai amana

Masu sayar da irin waɗannan dabbobi iri iri ne: akwai mafarauta, akwai masu kayan maganin gargajiya, akwai gardawa, a manyan birane kuma akwai masu kantin tsuntsaye da dabbobin sha'awa. Ko wane ne daga cikinsu, ana gwada shi da tambaya huɗu.

Ta fari, wace irin dabba ce, ina kuma girmanta zai tsaya? Babban kunkurun nan na ƙasashen sahel, sa'ad da ya fito daga ƙwai bai fi inci 2 ba, amma in ya ƙasaita ya kan wuce kilo 40, yana kuma iya yin shekara 70 a duniya. Ɗan kada ya kan fito da tsawon kamar ƙafa 1, ya kai ƙafa 8 ko fiye. Wanda ya ce dabba ba za ta girma ba in an sa ta a ƙaramin wuri, ko dai bai sani ba, ko kuwa ya ɓoye.

Ta biyu, daga ina ta fito, daji ko kiwo? Ta daji ta kan zo da kaska da tsutsar ciki, ta kan kuma ƙi cin abinci don firgita.

Ta uku, me ta ke ci, yaushe kuma ta ci na ƙarshe? Mai gaskiya ba ya jin nauyin ba ta abinci a gaban mai saye. Wanda ya ce tana cin kome da kome, a yi hattara da shi.

Ta huɗu, yana da izinin hukuma na riƙe ta da sayar da ita?

Bayan tambaya sai duba. Dabba mai lafiya idonta a buɗe ya ke, ba ya zurma, hancinta ba majina, bakinta ba kumfa. In an ɗaga kunkuru a ji shi da nauyi, ƙoƙon bayan babba kuma da tauri.

3. Abincin ko wace dabba

Babban kunkuru ciyawa ce abincinsa, ɗanya da busasshiya, kamar dabbar kiwo. Ana ƙara masa ganyen rama da na kabewa. Tuwo da burodi da wake da nama da madara ba nasa ba ne, ko da ya karɓa ya ci. Su kan sa shi saurin girma marar kyau, bayansa ya yi tudu tudu, ƙodarsa ta lalace. A riƙa barbaɗa masa garin ɓawon ƙwai a kan ganye don ƙarfin ƙashi, a ajiye masa ruwa a kasko marar zurfi, a kuma bar shi ya haƙa rami, gama a cikin rami ya ke tsere wa zafin bazara da sanyin hunturu.

Damo a daji fara ya ke ci, da gyare da dodon-koɗi da ƙadandoniya. Da damina ya ke cika ciki, da rani kuwa ya lafe. In aka tsare shi ana ɗura masa nama kullum, kitse zai rufe shi ya kashe shi. Hawainiya sai ƙwaro mai rai, ruwa kuma daga ɗigon da ke kan ganye ta ke lasa, sau da yawa ta kan mutu da ƙishirwa alhali ga kwanon ruwa a gabanta. Mesa ta kan haɗiye abincinta ɗungum, ta yi kwanaki ba ta nemi wani ba. Kada yana bukatar kifi ko nama tare da ƙashinsa, tsoka zalla ta kan bar ƙashinsa da laushi.

Kunkuru da damo da hawainiya suna bukatar hasken rana ya taɓa jikinsu, gama da shi ne jiki ke iya amfani da abin da ke gina ƙashi. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki. A kuma yi musu inuwar da za su koma in zafi ya yi yawa.

4. Hakkin mai dabba

Hakkin mai sayarwa shi ne ya faɗi gaskiya, ya kuma bayyana aibin da ya sani, kamar yadda shari'a ta ɗora wa mai ciniki. Daga ran da dabba ta shiga gida, ciyarwa ta koma wuyan mai gida. Ba zai fake da cewa haka aka gaya masa a kasuwa ba, domin mai kasuwa neman ciniki ya ke yi, likitan dabbobi kuwa yana nan, akwai kuma asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Tambaya kafin saye ta ke. Addini ya yi hani mai tsanani ga tsare dabba a bar ta da yunwa, ba a ciyar da ita ba, ba a kuwa sake ta ta nema ba.

Akwai kuma hakkin mutanen gida. Masu jan ciki su kan ɗauki ƙwayar cuta da likitoci ke kira salmonela a cikin kashinsu, su ba ta damunsu, amma ta kan jawo wa mutum gudawa da zazzaɓi, ta fi kuwa tsanani ga ƙananan yara. Sabo da ita ne a 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da bai kai inci 4 ba, don yara su kan kai shi baki. Sai a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabba, kada a wanke kaskonta inda a ke wanke kwanonin abinci, kada kuma a bar ta kusa da randa ko madafa.

5. Maganar doka

A 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Dokar Namun Daji, wadda ta tsara farauta da lasin. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1973 a kan cinikin namun dajin da ke neman ƙarewa. A 1985 aka kafa dokar ƙasa a kan wannan ciniki, kada da mesa da guza suna cikin waɗanda ta tsare, a 2016 kuma aka gyara ta aka ƙara nauyin tara. A 2000 aka tsai da fitar da babban kunkurun da aka kamo a daji zuwa ƙasashen waje don ciniki. Ashe mai saye ma yana iya faɗawa cikin laifi, ba mai sayarwa kaɗai ba.

6. Abin da a ke bukata ga hakimai da malamansu

Hakimi ya umarci dagatai da masu unguwa su sanar da shi gidan da a ke tsare da kada ko mesa ko wani maciji. Malami ya rubuta irin dabbar, da inda aka samo ta, da ranar da aka saye ta, a aika wa ma'aikatan gandun daji. In jayayya ta zo, a fara tambayar abin da mai sayarwa ya faɗa a gaban shaidu, sa'an nan abin da mai saye ya ciyar, da kwana nawa dabba ta yi a hannunsa. Wadda ta mutu cikin 'yan kwanaki, galibi da cutarta ta zo. Wadda ta yi shekara kafin bayanta ya lalace, a duba kiwo.

Wanda dabba ta fi ƙarfinsa, kada ya jefa ta a kwata ko a kogi da dare, gama ya ɗora wa maƙwabta hatsari ke nan. Ya zo ya faɗa wa mai unguwa, a kira ma'aikatan gandun daji su karɓe ta.