Haraji a Kan Kuɗin da Bai Shiga Hannu Ba: Darasi Daga Durƙushewar Kamfanin Carillion

Ranar 15 ga Janairu, 2018, aka wayi gari a Birtaniya da labarin cewa kotu ta ba da umurnin rufe Carillion, kamfanin gine-gine na biyu mafi girma a ƙasar. Kamfanin yana da ma'aikata kimanin 43,000 a faɗin duniya, yana kuma gina asibitoci da hanyoyi. Rahoton da kwamitocin majalisar dokokin ƙasar suka fitar a watan Mayu na shekarar ya nuna cewa ana bin sa bashin da ya kusa fam biliyan 7, alhali abin da ya rage a asusunsa fam miliyan 29 ne kacal. Daga cikin bashin, kimanin fam biliyan 2 haƙƙin ƙananan kamfanoni da 'yan kwangila ne wajen 30,000, waɗanda ya saba jinkirta biyansu har tsawon kwana 120.

Wani abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne, ranar 31 ga Janairu ita ce wa'adin da masu sana'ar kansu suke biyan harajin kuɗin shiga a ƙasar. Nan fa magina da masu fenti da masu haɗa wutar lantarki suka shiga tambayar akantocinsu: shin mutum zai biya haraji a kan kuɗin da ya yi wa aiki amma bai karɓa ba? Amsar ta dogara ne a kan wata tambaya ta ilmin lissafin kasuwanci, wato yaushe ne ake cewa kuɗi ya samu.

Hanyoyi biyu na lissafi

Hanya ta farko ana iya kiranta tsarin ranar ciniki. A nan, da zarar ɗan kwangila ya kammala aiki ya cancanci a biya shi, sai a rubuta kuɗin cikin abin da ya samu, ko da kuwa bai ga ko sisin kwabo ba. Kamar mai kanti ne da ya ba da buhun shinkafa bashi, ya rubuta a littafinsa cewa ya yi ciniki a ranar. Amfanin wannan tsari shi ne yana haɗa kuɗin aiki da ɗawainiyar da aka yi masa a cikin shekara guda, ta yadda za a ga ainihin ribar sana'a.

Hanya ta biyu ita ce tsarin kuɗi-hannu. A nan ba a rubuta komai sai ranar da kuɗi ya shiga asusu ko ya fita daga cikinsa. Birtaniya ta ba ƙananan masu sana'a damar bin wannan tsari daga shekarar 2013. Daga 6 ga Afrilu, 2024 kuwa, shi ne ya zama tsarin da ake ɗora kowane mai sana'ar kansa a kai, sai fa in shi ya zaɓi na farkon.

Misalin mai fenti

A ɗauka wani mai fenti a Ingila ya yi aikin fam 10,000, ya kuma kashe fam 4,000 wajen sayen fenti da biyan lebura. A ɗauka kuma sauran ayyukansa sun riga sun kai shi matakin da ake biyan harajin kashi 20 cikin 100. Domin sauƙaƙa lissafi, an ajiye sauran kuɗaɗen da doka ta ɗora masa a gefe.

Idan yana bin tsarin ranar ciniki, littafinsa zai nuna ribar fam 6,000, harajinta kuwa fam 1,200 ne. Hukumar tara haraji ta ƙasar, wadda ake kira HMRC, za ta nemi wannan kuɗi ko an biya shi ko ba a biya shi ba. Amma idan ta tabbata cewa wanda ya ba shi aikin ya karye, doka ta yarda ya cire fam 10,000 ɗin daga ribarsa a matsayin mataccen bashi. Da haka ribar fam 6,000 ta koma asarar fam 4,000, wadda za ta rage masa harajin sauran ayyukansa da fam 800. Sharaɗin shi ne bashin ya zama sananne, a kan mutum ko kamfani takamaimai, tare da hujjar cewa ba zai biyu ba. Ba a yarda mutum ya ware wani kaso na dukkan basussukansa bisa zato kawai ba. Idan kuma daga baya aka biya shi wani abu, dole ya mayar da shi cikin kuɗin shigarsa.

Idan kuwa yana bin tsarin kuɗi-hannu, tun farko fam 10,000 ɗin bai shiga littafinsa ba, saboda haka babu harajin da ya hau kansa. Fam 4,000 da ya kashe ne kaɗai zai cire, wanda shi ma ya rage masa fam 800. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna ganin ya kamata su ma a bar su su cire fam 10,000 a matsayin asara. Dalilin hana su a fili yake: ba a cire abin da ba a taɓa sakawa ba. Dokar harajin Amurka ma a kan wannan ƙa'ida take.

Ashe ke nan hanyoyin biyu wuri ɗaya suke ɓullewa. Bambancinsu yana ga lokaci. Mai bin tsarin ranar ciniki yana iya biyan harajin a wannan shekara, sauƙin kuma ya zo masa a shekara mai zuwa, idan a cikinta ne bashin ya mutu. Ga ƙaramin ɗan kwangila da yake da lebura masu jiran albashi, wannan tazara kaɗai tana iya kashe sana'a.

Harajin VAT

Akwai kuma haraji na biyu, wato VAT, wanda ake ɗorawa a kan ciniki. A Birtaniya kashi 20 cikin 100 ne tun daga shekarar 2011. Mai sana'ar da ya yi rajistarsa yakan ƙara shi a kan takardar neman biya, sa'an nan ya miƙa wa hukuma. A misalin mai fenti, fam 2,000 ke nan da zai fitar daga aljihunsa, alhali bai karɓa ba. Doka ta ba shi damar neman a mayar masa, amma sai bashin ya yi wata shida da wuce wa'adin biya, ya kuma rubuta shi a littafinsa a matsayin matacce. Ƙananan masu sana'a suna iya kauce wa wannan ta hanyar shiga tsarin kuɗi-hannu na VAT. Bugu da ƙari, daga 1 ga Maris, 2021, a yawancin ayyukan gini da ake yi tsakanin 'yan kwangila masu rajista, babban ɗan kwangilar da ya ba da aikin ne yake lissafa VAT ɗin kai tsaye ga hukuma.

Layin masu bin bashi

To, ina makomar uwar kuɗin? Idan kamfani ya karye, ana naɗa jami'in da zai sayar da kadarorinsa ya raba wa masu bin bashi bisa jerin da doka ta tsara. Bankunan da suka riƙe jingina suna gaba. Ma'aikatan kamfanin suna da fifiko a kan wani ɓangare na albashinsu. Daga 1 ga Disamba, 2020, hukumar haraji ita ma ta sami fifiko a kan wasu haraji, kamar VAT da harajin da aka cire daga albashin ma'aikata. Ɗan kwangila mai cin gashin kansa ba ma'aikaci ba ne a idon doka, saboda haka yana can kusa da ƙarshen layi tare da sauran marasa jingina. Duk wanda ya kwatanta fam miliyan 29 da fam biliyan 7 zai gane abin da ya rage wa na ƙarshen layi a shari'ar Carillion.

Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu sana'ar da take tafiya ba tare da shi ba. Sai dai lissafin mai fenti ya nuna iyakar taimakon da dokar haraji take yi. Ya kashe fam 4,000, an sauƙaƙa masa fam 800, ya tashi da asarar fam 3,200, ban da makonnin da ya ɓata yana aiki. Saboda haka akantoci suke shawartar masu sana'ar kansu da su riƙa karɓar kafin alƙalami, su nemi a biya su mataki-mataki yayin da aiki yake tafiya, su adana kowace takardar yarjejeniya da ta neman biya, kada kuma su bari rabin cinikinsu ya rataya a wuyan kamfani guda, komai girmansa.